WUTA MAI LAYI UKU DA MAI LAYI ƊAYA: WACCE TA FI HAƊARI GA MAI JUNA BIYU?

A wani dare cikin daminar bara ina aikin kwana a ɗakin haihuwa, aka shigo mana da wata baiwar Allah mai cikin wata bakwai. Ba naƙuda ce ta kawo ta ba, ba kuma zubar jini ba. Wutar lantarki ce ta ja ta. Maigidanta ya yi tafiya, an sha ruwa da yamma, da magariba sai wutar gidan ta ɗauke alhali ta maƙwabta tana nan. Gidan mai layi uku ne. Sai ta ɗauki tocila ta fita zaure ba takalmi, don ta zare fis daga layin da ya mutu ta mayar da shi kan layin da ke da wuta, kamar yadda ta saba gani ana yi. Hannunta ya taɓa ƙarfen da ke ciki. Wuta ta riƙe ta na ɗan lokaci, sannan ta cilla ta jikin bango, ta faɗi zaune.

Surukarta ta ba ta madara ta ce ta kwanta ta huta. Sai da ta yi awa huɗu ba ta ji motsin cikin ba sannan hankalin gidan ya tashi, aka nemo mota. Da muka ɗora na'ura muka ji zuciyar jaririn tana bugawa, ni kaina sai da na sauke ajiyar zuciya. Ta kwana biyu a wurinmu, muka wanke mata ƙunar yatsu biyu, bayan wata biyu kuma ta dawo ta haifi 'yarta mace lafiya. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne amsar da ta ba ni da na tambaye ta me ya kai ta taɓa wurin. Cewa ta yi, "Sista, ai kullum ni nake canzawa in ba ya nan."

Tun daga ranar na fara tambayar mata a wurin awo. Na tarar ba ita kaɗai ba ce. Wata ita ke canza layi, wata yaronta ɗan shekara goma take aikawa. Da yawa kuma sun ce mini su hankalinsu kwance yake, domin tasu "ƙaramar wuta" ce mai layi ɗaya. Ni malamar jinya ce kuma ungozoma, ba mai gyaran wuta ba, don haka sai da na zauna da ma'aikatan lantarki suka warware mini yadda abin yake kafin na ɗauki biro.

Mene ne bambancin?

Idan kika ɗaga kai kika dubi falwayar unguwarku, yawanci za ki ga wayoyi huɗu a jere. Uku daga ciki su ne ke ɗauke da wuta, su ake kira layi ko fes. Ta huɗun ita ce nutural, wato hanyar da wutar ke bi ta koma taransifoma. Gidan da aka ja masa waya biyu, layi guda da nutural, shi ne mai layi ɗaya. Wanda aka ja wa duka huɗun shi ne mai layi uku.

Ƙarfin wuta tsakanin kowane layi da nutural, ko tsakaninsa da ƙasa, bolt 230 ne a Nijeriya. Amma tsakanin layi da ɗan uwansa layi, bolt 400 ne. Tsofaffin masu gyara za ki ji suna cewa 240 da 415, 'yan uwanmu na Nijar kuma sun fi sabawa da 220 da 380. Duk magana ɗaya ce. Na tambaya me ya sa 230 da 230 ba su zama 460 ba, sai aka ce mini in tuna lugude. Mata uku a kan turmi guda ba sa sauke taɓarya lokaci ɗaya. Wannan tana sauka, waccan tana tashi, ta ukun tana tsaka-tsaki. Haka layukan nan uku suke, kowanne yana hawa yana sauka sau 50 a daƙiƙa guda, amma bi da bi. Saboda ba sa kaiwa ƙololuwa tare, tazarar da ke tsakanin biyu ba ta kai ninki biyu ba, tana tsayawa a wajen 400.

Asalin layi uku an yi shi ne don manyan kaya: injin niƙa, babban famfon burtsatse, masana'anta, ko babban gida mai na'urorin sanyaya ɗaki da yawa. Amma mu a garuruwanmu wani dalilin ne ya sa magidanta ke nemansa. Layi ɗaya yakan ɗauke, ko wutarsa ta yi ƙasa har ƙwai ya koma ja kamar garwashi, alhali sauran biyun suna lafiya. Mai layi uku sai ya koma wanda ke da wuta. Tun zamanin NEPA ake wannan, ta koma PHCN a 2005 aka ci gaba, aka miƙa rarraba wuta ga kamfanoni a 2013, har yau ba a daina ba. Sunan NEPA ma bai bar bakinmu ba.

To wacce ta fi haɗari?

Amsar da aka ba ni ita ce wadda nake so kowace mace ta riƙe. A soket ɗin ɗakinki, a jikin dutsen guga, firji, hita ko rishon lantarki, babu bambanci ko kaɗan. Ko gidanku mai layi ɗaya ne ko mai uku, wutar da ke isowa soket bolt 230 ce, kuma 230 ta isa ta kashe babban mutum. Babu wani abu wai shi ƙaramar wuta. Mafi yawan matan da na gani wuta ta ja, a kicin ko banɗaki abin ya same su, da kayan da suke amfani da su kullum.

Inda mai layi uku ya ɗara shi ne wurin da wayoyin suka taru, wato allon mita da akwatin fis. A nan layuka uku suna kusa da juna, tazarar 'yan yatsu. Hannun da ya haɗa biyu, ko hannu ɗaya a kan wannan ɗaya a kan wancan, bolt 400 ya ɗauka, kuma in ta hannu biyu ne, ta ƙirji wutar za ta ratsa. Ko hannu bai taɓa ba, idan zobe, awarwaro, cokali ko sukudireba ya haɗa layi biyu, wuta takan yi tartsatsi mai tsananin zafi da ƙara kamar bindiga, ta ƙone fuska da hannu, ta kama gyale ko hijabi. Ga shi kuma yawanci cikin duhu ake wannan aikin, da tocila a hannu ɗaya, ana sauri.

Akwai kuma ruɗin da layi uku ke jawowa. A gida mai layi ɗaya, in an kashe babban makunni an kashe wutar cikin gidan. A mai layi uku, mutum yakan ga ɗakinsa ya yi duhu ya ɗauka gidan babu wuta, alhali layi biyu suna raye a cikin akwatin. Shi kansa layin da ya mutu ba ya sallama kafin ya dawo. Kina riƙe da wayarsa ana iya maido shi.

Launin waya ma ba abin dogaro ba ne. A tsohon tsarin da muka gada daga Ingila, layukan ja ne da rawaya da shuɗi, nutural kuma baƙa. A sabon tsarin da Ingila ta koma tsakanin 2004 da 2006, layukan ruwan ƙasa ne da baƙi da ruwan toka, nutural kuma shuɗiya. Kin ga baƙar waya da ba ta ja a tsohon tsari, a sabon ita ce mai wuta. Shuɗiya kuma akasin haka. Duka biyun ana samunsu a kasuwanninmu, wani gidan ma an haɗa su, banda mai gyaran da ke sa duk wayar da ta zo hannunsa. Saboda haka kada wani ya ce miki "baƙar ba ta ja".

Sai matsalar tsinkewar nutural, wadda ita ce ta fi ba ni tsoro da aka yi mini bayaninta. Idan nutural ta kwance ko ta tsinke a gida mai layi uku, wutar ba ta rabuwa daidai. Wani ɗakin sai ya samu ƙasa da 230, wani kuma ya haura har ya doshi 400. Alamar ita ce ƙwan wani ɗaki ya yi haske fiye da kima, na wani ya dushe, fanka ta riƙa gudu kamar za ta tashi, caja ko talabijin su fara hayaƙi. Idan kuma a taransifoma nutural ɗin ta tsinke, ko ɓarayi suka yanke ta, har gidaje masu layi ɗaya abin yakan shafa. Wannan shi ne abin da ake cewa "an kawo wuta da ƙarfi ta ƙone kayan unguwa". In kin ga haka, kada ki tsaya zare kaya ɗaya bayan ɗaya. Sa takalmin roba, busar da hannu, kashe babban makunni, fitar da yara, sannan a kira mai gyara a kuma sanar da kamfanin wuta.

Abin da wuta ke yi wa jiki

Ba yawan bolt kaɗai ke illa ba. Abin dubawa shi ne yawan wutar da ta ratsa jiki, hanyar da ta bi, da tsawon lokacin da ta ɗauka. Ana auna wutar da ke gudana da amfiya, kashi ɗaya cikin dubu na amfiya kuma shi ne miliamfiya. Mutum yakan fara jin tsikari a wajen miliamfiya 1. In ta kai 10 zuwa 16, tsokar hannu takan damƙe, mutum ya kasa sakin abin da ya riƙe. Wannan ne muke cewa wuta ta riƙe shi. Wani injiniya Ba'amurke mai suna Charles Dalziel ya gwada wannan a kan mutane tun wajen shekarun 1940 da 1950, ya gano maza sukan kasa saki a wajen 16, mata kuwa tun a wajen 10. Wato wutar da maigida zai fizge hannunsa ya yi tsaki, ke tana iya riƙe ki.

Daga miliamfiya 50 zuwa 100, in ta bi ta ƙirji, zuciya na iya rikicewa ta koma karkarwa maimakon bugawa, jini ya daina zagayawa. Don ki gane ƙanƙantar wannan adadi, tsohon ƙwan fitila mai wat 60 yana jan wajen miliamfiya 260. Kashi ɗaya cikin biyar na abin da ke kunna ƙwai guda ya isa ya tsayar da zuciya.

Abin da ke kare mu shi ne busasshiyar fata da takalmi. Da zarar fata ta jiƙe da ruwa, gumi ko ruwan sabulu, kariyar takan faɗi ƙwarai, har bolt 230 ta iya tura sama da miliamfiya 200 cikin jiki. Yanzu ki dubi rayuwar mai ciki. Zafi yana damunta, gumi ba ya yankewa. Ƙafa ta kumbura, takalmi ya matse, sai ta gwammace ta taka ƙasa haka nan. Hannunta kullum cikin ruwa, ga wanki ga wanke-wanke ga goge daɓe. Nauyin ciki ya ja ta gaba, ƙaramin firgici ya isa ya kayar da ita.

Shi kuma na ciki fa?

Jariri yana kwance ne cikin ruwa, ruwan nan kuma yana ɗaukar wuta sosai. Idan wutar ta shiga ta hannu ta fita ta ƙafa, wanda shi ne abin da ke faruwa ga wadda ke tsaye ba takalmi, mahaifa tana kan hanyarta. Uwa tana iya tashi ta kakkaɓe zane ba ta ji komai ba, alhali zuciyar ɗan ta taɓu.

Ba na son in tsoratar da kowa fiye da kima. A wani bincike da aka buga a 1997 daga birnin Toronto na ƙasar Kanada, an bi diddigin mata masu ciki 31 da wuta ta ja, 28 daga cikinsu sun haifi 'ya'ya lafiyayyu. Wannan abin kwantar da hankali ne. Sai dai mafi yawansu wutar bolt 110 ce ta ja su, wadda ake amfani da ita a gidajen can, tamu kuwa ta ninka ta. Akwai kuma rahotannin likitoci na matan da ɗan ya mutu a ciki bayan jan wutar da ita uwar ta ɗauka ba komai ba ne.

Faɗuwar ma haɗari ce mai zaman kanta. Buguwar ciki ko faɗuwa da ƙarfi na iya sa mabiyiya ta ɓalle daga jikin mahaifa kafin lokaci. Wani lokaci jinin yakan fito, wani lokaci yakan taru a ciki ba a gani, sai dai ciki ya yi tauri kamar dutse yana ciwo. Na taɓa karɓar wata da ƙofar firji ta ja tana goge ɗaki. Ta ji motsi ya ragu, ta ce bari ta ga gobe, goben ma ta ce bari maigida ya dawo. A rana ta uku ta zo, ba mu samu bugun zuciya ba. Ta ce mini firjin ya fi shekara yana "ɗan ja", har sun saba buɗe shi da tsumma.

Don haka dokarmu a nan ita ce: duk mai juna biyu da wuta ta ja, ta zo asibiti a ranar, ko da tana jin garau. Idan kuwa akwai suma, ƙuna, ciwon ƙirji, bugun zuciya da sauri, zubar jini, zubar ruwa, ciwon mara, taurin ciki, raguwar motsi, ko fitsari ya koma launin shayi, to ba a jiran gari ya waye, ba a kuma jiran ranar awo. Ki taho da katinki.

Abin da za mu yi ba mai wahala ba ne. Za a auna jininki, a yi gwajin bugun zuciyarki, a duba inda wutar ta shiga da inda ta fita, domin ƙunar lantarki takan yi ƙanƙanta a waje ta yi zurfi a ciki. Za a saurari zuciyar jariri a yi hoton ciki. In cikin ya wuce rabi, mukan ajiye uwa aƙalla awa 4 muna lura da bugun zuciyar ɗan da motsin mahaifa, in an ga wata alama kuma a kai awa 24 ko fiye. Za a duba ko allurarki ta sandarewar wuya, wato tetanus, ta cika. Wadda jininta ke da alamar nagetif, in ta bugu a ciki, akwai allurar anti-D da ake so a yi mata cikin awa 72. Bayan sallama likita yakan ce a dawo a sake hoto, don a ga ruwan da girman ɗan.

Idan abin ya faru a gabanku

Wannan ɓangaren na duk mutanen gida ne, a karanta wa wanda bai iya karatu ba.

Kada a taɓa wanda wuta ke riƙe da shi. Uwa takan ruga ta rungumi ɗanta, wuta ta haɗa su biyu. A fara kashe babban makunni ko a zare fulogi. A gida mai layi uku a kashe duka, ba ɗaya ba. Gidan da ke da janareto ko sola da inbata, a tuna kashe wutar NEPA ba ya kashe su, kowanne da makunninsa. Ya kamata kowa a gidan, har 'yar aiki da manyan yara, ya san inda waɗannan makunnai suke tun kafin ranar buƙata. Kada kuma a jibge buhuna ko babur a gabansu.

In makunnin ya yi nisa, a tsaya kan busasshen katako ko a sa takalmin roba, a ture wayar ko hannun mutumin da busasshen icce: taɓarya, sandar tsintsiya, kujerar katako ko ta roba. Muciyar da aka ciro daga tukunya jiƙaƙƙiya ce, ba ta yi. Turewa ake yi, ba duka ba. Wannan kuma na wutar cikin gida ne kawai. Babbar wayar da ke ɗauke da bolt 11,000 ko 33,000 in ta faɗo, icce ba ya kare kowa. A ja baya aƙalla mita 10, a hana yara matsowa, a kira kamfanin wuta.

Bayan an raba ta da wutar, a kira sunanta a duba numfashi. In tana numfashi, a kwantar da ita ta gefen hagu, a nemi mota. In ba ta numfashi, a kwantar da ita rigingine a ƙasa mai tauri, a ɗora hannu kan hannu a tsakiyar ƙirji, a riƙa dannawa da ƙarfi zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti guda. Wanda ya iya, bayan dannawa 30 ya hura mata numfashi sau 2. In cikin ya kai cibiya ko ya wuce, mutum na biyu ya sa hannu ya tura cikin zuwa gefenta na hagu ya riƙe, domin nauyin mahaifa yana danne babbar jijiyar da ke mayar da jini zuciya. Kada a ji tsoron cewa dannawar za ta cutar da jariri. Jinin uwa shi ne numfashinsa. Kada a tsaya har sai ta farfaɗo ko ma'aikatan lafiya sun karɓa.

Ƙuna kuma a zuba mata ruwa mai tsabta mai sanyi na tsawon minti 20, bayan an tabbata an kashe wuta, a cire zobe da awarwaro kafin wurin ya kumbura, a rufe da tsabtataccen ƙyalle. Ban da man goge baki, ɗanyen ƙwai, manja, gishiri ko toka. Madara ba ta fitar da wuta daga jiki, domin babu wata wuta da ke zama a jiki bayan an saki waya. Binne mutum cikin yashi ma haka, ɓata lokaci ne. Ɗura wa wanda bai gama farfaɗowa ba wani abu a baki kuwa yana iya shaƙe shi.

Hita da ruwan jego

Dole in tsaya a nan, domin a wurin masu jego abin ya fi yawa. Icce da gas sun yi tsada, ga ruwan zafi safe da yamma har kwana arba'in, sai gidaje da yawa suka koma ga hitar da ake tsomawa a bokiti. Wannan ƙarfen da ya tsufa yakan tsage, wuta ta shiga ruwan kai tsaye. Mace ta sa yatsa ta ji ko ya yi zafi, ƙafarta a kan jiƙaƙƙen daɓen banɗaki, shi ke nan. Wasu hitocin ma babu fulogi, tsirarar waya ake cusawa a soket a tokare da tsinken ashana.

In ba makawa sai an yi amfani da ita, a sa mata fulogi mai ƙafa uku. A tsoma ta a ruwa kafin a kunna, a kashe a zare fulogi kafin a taɓa ruwan ko bokitin. Kada a dafa ruwan a cikin banɗaki, kada a bar shi inda yaro mai rarrafe zai kai, kada kuma mai jego ta je duba ruwa da jariri a hannu ko a baya. Kakanni da gwaggonni masu zaman jego, ku ne kuka fi yin wannan aikin, ku ma ku kiyaye. Maganar zafin ruwan wankan kansa da kunun kanwa, da abin da suke yi wa zuciyar mai jego, wannan sai wani fitowar.

Igiyar shanya ma a duba ta. Kayan jariri ba sa ƙarewa a kan igiya, gidaje da yawa kuma wayar ƙarfe suke ɗaurawa a jikin kwanon rufi ko turken da wayar wuta ta bi. Wayar wutar da ta goge a bakin kwano tana iya sa rufin duka ya ɗauki wuta, igiyar ma ta ɗauka, musamman da damina. A sauya ta da igiyar roba.

Zuwa ga maigida

Malam, kai ne za ka fitar da kuɗin, don haka ga abin da za ka nema. In gidanka mai layi uku ne, a sa makunnin sauya layi mai mariƙi a cikin rufaffen akwati, wanda za a murɗa kawai ba tare da ganin ƙarfe ba. Akwai ma mai sauyawa da kansa. Zare fis da hannu ko sauya waya a kan allo ya ƙare daga yau, kuma kada a sake aiken yaro. Mijin baiwar Allahn da na fara ba da labarinta ya sa wannan makunni kafin ta haihu, ya ce mini kuɗin bai kai rabin na ragon suna ba. In kuma ba ka da injin da ke buƙatar layi uku, kuma layin unguwarku ba ya yawan mutuwa, layi ɗaya ya wadatar, ba kuma ragin daraja ba ne.

Abu na biyu, ka tambayi mai gyara ko gidan yana da wayar at, wato wadda ke haɗe da sandar ƙarfe da aka kafa a ƙasa. Aikinta shi ne in wuta ta zubo jikin firji ko dutsen guga, ta bi ta nan maimakon ta bi ta jikin matarka. Gidaje da yawa ramin soket na uku ado ne kawai, babu waya a bayansa. Ko akwai sandar, ƙasar da ta bushe ƙayau da rani tana rage mata aiki, don haka a sa mai gyara ya auna ta da na'ura.

Na uku shi ne wanda mutane ba su sani ba. Fis da bireka ta yau da kullum waya suke karewa daga ƙonewa, ba mutum ba. Fis mai amfiya 13 ba zai tsinke don miliamfiya 100 ta bi ta jikin mutum ba, ballantana wanda aka ɗaure da wayar tagulla mai kauri. Akwai wata bireka ta daban da ake kira RCD, wasu masu gyara suna ce mata ELCB, wadda ke auna wutar da ta fita da wadda ta dawo. In ta ga bambancin miliamfiya 30, sai ta yanke wuta cikin abin da bai kai daƙiƙa ba. Dalziel ɗin nan da na ambata ya ƙirƙiro wani nau'i na wannan na'ura a 1961. Akwai ta layi ɗaya, akwai ta layi uku. Ka duba a jikinta an rubuta 30mA, domin masu 100 ko 300 gobara suke hanawa. Ka kuma sani ba ta kare wanda ya haɗa layi biyu da jikinsa a gaban mita, shi ya sa makunnin sauya layi ke nan daram. In ta riƙa faɗuwa, wani abu ne ke zubar da wuta a gidan, a nemo shi. Kada a yarda mai gyara ya tsallake ta don a huta.

Janareto kuma a haɗa shi ta makunnin canji, kada a cusa wayarsa a soket. Yin haka yana mayar da wuta kan layin waje, ya kuma bar ƙafafun fulogi tsirara da wuta. A ajiye shi a fili nesa da taga, saboda hayaƙinsa yana kashe mutane cikin barci, ɗan da ke ciki kuma ya fi uwarsa saurin cutuwa da shi.

Wajen zaɓen mai gyara, hukumar NEMSA da aka kafa a 2015 ita ke duba ingancin haɗin wuta, tana kuma ba masu wannan sana'a takardar shaidar ƙwarewa. Ba laifi ba ne ka ce a nuna maka. Masu zaman gidan haya, inda allon mita ɗaya ke zaure kowa na sa hannu, ku haɗu ku yi wa mai gidan magana, ko ku yi karo-karo a sa akwati mai makulli sama da inda hannun yaro zai kai.

Mu a wurin awo mukan ce a gama haɗa kayan haihuwa kafin wata na takwas. A wannan lokacin ne ya fi dacewa mai gyara ya zagaya gidan: fasassun soket, wayar da aka naɗe da leda, firjin da ke ɗan ja, soket na ƙasa da jaririn zai tarar in ya fara rarrafe. In an sa RCD, a jikinta akwai ɗan maɓalli mai harafin T. A danna shi duk wata uku lokacin da akwai wuta. In wutar ta yanke nan take, tana aiki, sai a mayar. In ba ta yanke ba, a kira mai gyara a sauya ta.